Na'a-na'ar Maroko da maganin ƙwari: nazarin abin da ya faru a 2019

A tsakiyar shekarar 2019, hukumar da ke sa ido kan lafiyar abinci a ƙasar Maroko, wadda aka fi sani da ONSSA, ta fito da wata magana da ta shiga kowane gida a ƙasar. Jami'anta sun ɗebo na'a-na'a daga gonaki a yankuna da dama sun kai ɗakin gwaji, sakamakon kuma ya nuna cewa ana fesa wa ganyen magungunan ƙwari da doka ba ta amince a sa masa ba. Aka sanar da gwamnonin yankunan, aka ba da umarnin lalata gonakin da aka samu da laifi. Jaridu suka ɗauka, jama'a suka tsorata, masu tallan ganyen a kasuwanni suka ga ciniki ya ja baya.

A wata ƙasar, da labarin ya tsaya a shafin noma na jarida. A Maroko ba haka ba ne, domin can shayin na'a-na'a, wanda suke kira atay, shi ne ruwan baƙo, shi ne abin karyawa, da shi ake ƙulla ciniki, da shi ake zaman makoki da na biki. Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara Fas, zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, ya san ba a zama minti goma a gidan mutum ko a shagonsa ba a miƙo ɗan ƙaramin kofin gilashi mai tururi ba. Koren shayin da ake dafawa daga Sin yake zuwa, kuma Maroko na sahun gaba a duniya wajen sayen koren shayin Sin. Sukari ma wani daga waje ake shigo da shi. Na'a-na'a ce kaɗai abin da ƙasar ke nomawa da hannunta gaba ɗaya a cikin wannan butar, ita ce kuma aka ce ga guba a jikinta.

Wannan ba shi ne karon farko da aka yi ƙorafi ba. Shekaru kafin nan, Tarayyar Turai ta taɓa sa ɗanyar na'a-na'ar Maroko cikin jerin kayan da ake tsananta bincikensu a bakin iyaka saboda ragowar maganin ƙwari. Bambancin 2019 shi ne wannan karon ba baƙo ne ya yi magana ba, hukumar gida ce, kuma a kan ganyen da 'yan ƙasa ke sha ne, ba wanda ake lodawa zuwa Faransa ko Sifaniya ba.

Yadda tsiron yake

Ba za a gane yadda aka kai ga haka ba sai an san halin shukar. Na'a-na'ar da ake sa wa a shayi ita ce wadda masana tsirrai ke kira Mentha spicata. Gajeriya ce, da wuya a bar ta ta wuce gwiwa kafin a yanke. Ƙarfinta a ƙasa yake. Tana fitar da wasu rassa masu rarrafe a ƙarƙashin ƙasa da kuma samanta, kowace gaɓa ta taɓa danshi sai ta yi saiwa ta tsiro. Shi ya sa manomi ba ya shuka ta da iri. Yakan tsago tushe daga tsohuwar gona ya dasa a sabuwa, cikin 'yan makonni fangali ya rufe. Irin da ke fitowa daga furenta ba abin dogaro ba ne, domin abin da zai tsiro ba lallai ya yi ƙamshin uwar ba.

Wannan hanyar dashe tana da amfani: da ita kowane yanki ya riƙe nasa nau'in. Mutanen Maroko na bambanta na'a-na'ar Meknes da ta El Buruj da ke lardin Settat, da ta Tiznit can kudu, kamar yadda mai sayen goro ke bambanta ɗan wannan gari da na wancan. Amma tana da illa, domin duk cutar da ke jikin tsohon tushe tare da shi take tafiya sabuwar gona.

Gona ɗaya takan yi shekaru ana yanka ana sake yanka. A lokacin zafi, idan ruwa da taki sun wadata, wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi ya isa ganyen ya sake kai yanka. Da hunturu tsiron kan yi sanyin jiki, ganye ya yi ƙaranci ya yi tsada, shi ya sa a watannin sanyi gidaje da yawa ke komawa ga shiba, wani ganye mai ɗaci ɗan uwan tazargade. Manomi ba ya yanke gonar duka rana ɗaya. Yakan kasa ta kashi-kashi, yau a yanki wannan gefe, gobe wancan, saboda kullum da asuba a samu damin da za a kai kasuwa. Ganyen ɗanye ake so, kuma ba ya jure ajiya. Kwana biyu ko uku ya yi yaushi, ya yi baƙi.

Inda matsalar ta samo tushe

Gona mai ruwa kullum, mai taki da yawa, mai sabon ganye mai laushi duk shekara, wadda kuma ta cunkushe har iska ba ta ratsa ta, gidan ƙwari ce. Akwai tsutsotsin da ke fitowa da dare su ɓula ganye. Akwai ƙananan ƙwarin da ke manne wa toho suna tsotse ruwansa har ya nannaɗe. Akwai cutar tsatsa, wadda ke sa ɗigo-ɗigon ruwan lemo a bayan ganye, da kuma farar ƙura mai kama da gari da ke hawa samansa. Mai saye kuwa da ido yake saye. Ba ya ganin ragowar magani, amma yana ganin rami a ganye. Dillali ya san haka, don haka damin da tsutsa ta taɓa ko dai a ƙi shi ko a karya masa farashi. Duk matsin sai ya koma kan manomi, wanda galibi ɗan ƙaramin fili gare shi, kuma daga kuɗin yau yake cefanen yau.

A nan ne maganar "ba a amince da shi ba" take buƙatar bayani, domin mutane da yawa sun ɗauka ana nufin haramtattun magunguna ne da aka yi fasa-ƙwaurinsu. Ba dole ba ne. Ana yi wa maganin ƙwari rajista ne a kan amfanin gona takamaimai. Kamfani ya gwada shi a kan tumatir ko lemo ko dankali, a auna kwana nawa yake ɗauka kafin ragowarsa ta sauka zuwa matakin da ba ya cutarwa, sai a rubuta a jikin kwalba: kada a girbe sai bayan kwana kaza. Wannan gwaji kuɗi yake ci, kamfanoni kuma ba su cika yin sa don ƙananan amfanin gona ba, saboda kasuwar ba za ta mayar da kuɗin ba. Na'a-na'a, duk da girmanta a rayuwar Maroko, ƙaramar shuka ce a lissafin masu sayar da magani. Sai aka wayi gari manomi na da ƙwari da yawa amma magungunan da aka yi wa rajista don shukarsa kaɗan ne. Ya je shago, mai shago ya ba shi abin da ke kashe tsutsar tumatir. Yana kashewa kuwa.

Sai dai tumatir ba na'a-na'a ba ne. Tumatir ɗan dunƙule ne mai santsin fata, abin da ke zama a jikinsa kaɗan ne idan aka gwada da nauyinsa. Na'a-na'a kuwa gaba ɗayanta fatar ce: ganye marar nauyi, mai faɗi, wanda ke tare feshi ta ko'ina. Adadin maganin da zai bar 'yar ragowa a kilon tumatir zai bar ninkin-ba-ninkinta a kilon ganye. Ba a ɓare ta, ba a fere ta. Ga kuma tsarin yankan kullum: an fesa wa wannan fangali da yamma, iska ta kwashe ta kai wa na kusa da shi wanda za a yanka gobe da asuba. Ko manomin na son ya jira kwanakin da aka rubuta a kwalba, ba don shukarsa aka rubuta su ba, kuma kasuwa ba ta jira.

A ganina wannan shi ne zuciyar lamarin. Ana yanka ganyen da sauri fiye da yadda maganin ke gushewa daga jikinsa. Sauran bayanai duk rassa ne.

Game da Turai, akwai wata ƙa'ida da ke ƙara tsananta abin. Idan ba a kafa wa wani magani iyaka ta musamman a kan wani abinci ba, iyakar da ake amfani da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, wato kusan mafi ƙanƙantar abin da na'ura ke iya ganowa. Feshi ɗaya da maganin da ba na shukar ba ya isa ya sa a mayar da kaya. Manoman Najeriya sun ɗanɗana irin wannan a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga ƙasar saboda yawan diklobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda ake zuba wa wake a rumbu don gudun ƙwari.

Wankewa na fitarwa?

Tambayar da aka fi yi a lokacin ke nan. Amsar ita ce: wani ɓangare. Magungunan ƙwari iri biyu ne ta wannan fuska. Akwai masu zama a saman ganye, waɗannan wanki da ruwa mai gudu na rage su, ko da yake ba ya kawar da su duka. Akwai kuma masu shiga cikin jikin shuka su bi ruwanta, waɗanda aka yi su musamman don ƙwaro mai tsotsa ya sha ya mutu. Waɗannan ko an kwana ana wanki suna nan. Abin da zai sauka cikin kofi kuma ya danganta da yadda sinadarin ke narkewa a ruwa. Mai narkewa sosai yakan fita daga ganye ya shiga shayi, marar narkewa yakan fi zama a tukar da ake zubarwa. Tafasasshen ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba a dogara da shi wajen lalata maganin ƙwari.

Bai kamata a zuzuta abin ba. Kofi ɗaya ba ya kwantar da mutum. Damuwar likitoci ita ce ta ɗan kaɗan-kaɗan da ake sha kullum, sau uku sau huɗu a rana, shekara da shekaru, har da yara da mata masu ciki. Wanda ya fi kowa shiga haɗari ma shi ne mai goya tankin feshi a bayansa ba safar hannu ba abin rufe hanci, da matan da ke zama suna ɗaure damin da hannu.

Matakin da aka ɗauka

Lalata gona mataki ne mai zafi, kuma a kan na'a-na'a ya fi zafi, domin ba amfanin kaka ɗaya aka kashe ba, tushen shekaru ne. Ina ganin hukumar ta yi daidai da ta fito fili ta faɗa, domin da yawa a irin matsayinta da sun rufe maganar don kare sunan kayan ƙasarsu. Amma garma ba ta kashe dalilin da ya sa aka yi feshin. Manomin da aka tumɓuke wa gona, idan ya sake dashe, tsutsar nan za ta dawo, dillalin nan zai sake duba ganye, mai shagon nan yana nan da kwalbarsa.

Abin da ke warware irin wannan matsala aiki ne marar armashi: a samar wa shukar magungunan da aka gwada a kanta, a san waye ke sayar da magani kuma me ya sani, a sa manomi ya riƙa rubuta abin da ya fesa da ranar da ya fesa, a kuma iya bin dami daga kasuwa har gonar da ya fito. Na ƙarshen nan shi ne mafi wuya, domin a babbar kasuwar sari kayan gonaki da yawa ne ke cakuɗewa kafin gari ya waye. A 2021 Maroko ta kafa sabuwar dokar magungunan kare amfanin gona, mai lamba 34-18, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar shekarun 1990. Doka dai takarda ce har sai malamin gona ya isa ƙauye.

Akwai kuma hanyoyin da ba sa barin guba. Mafi shahara shi ne maganin tsutsa da ake yi da wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis. Sai tsutsa ta ci ganyen da aka fesa wa sannan yake aiki, ya fi kama ƙananan tsutsotsi, rana kuma na saurin lalata shi, don haka da yamma ake fesawa. Ba ya kashewa nan take kamar yadda manomi ya saba gani, wannan ne ma ke sa wasu su ce ba shi da ƙarfi.

Maganin da ke cikin ganyen

Abin da ya sa labarin ya yi wa mutane ciwo shi ne, suna shan ganyen ne da niyyar lafiya. To me aka tabbatar?

Ƙamshin na'a-na'ar shayi daga wani sinadari yake da ake kira karvon. Tana da 'yar'uwa mai yaji da sanyi a baki, Mentha piperita, wadda ita ce mai yawan mantol, sinadarin nan da ke sa mantaleta sanyi. Yawancin binciken likitanci mai ƙarfi a kan wannan 'yar'uwar aka yi, kuma a kan man ganyenta da aka zuba cikin ƙwayar magani, ba shayinta ba. An ga yana sassauta murɗawar ciki da kumburi ga masu larurar hanji mai yawan motsi. Shayin na'a-na'a bayan cin abinci mai maiƙo na sa mutum ya ji sakayau, wannan tsohon sani ne, amma ba a auna shi da irin wancan ma'aunin ba. Mai fama da ƙwarnafi kuwa gara ya lura, domin na'a-na'a na iya sassauta mashigar abinci zuwa ciki ta ƙara masa.

Akwai ƙananan bincike biyu da ake yawan ambata. A Turkiyya a 2007 an ba mata 21 masu fitowar gashi a fuska da jiki shayin na'a-na'a kofi biyu a rana na kwana biyar. A Birtaniya a 2010 an yi makamancinsa da mata 42 na kwana 30. A duka biyun an ga raguwar sinadarin namiji da ke yawo a jini. Amma a na biyun, da aka auna gashin kansa, ba a ga canjin a zo a gani ba cikin wannan ɗan lokaci. Masu tallan magani a intanet sukan faɗi rabin farko su haɗiye na biyu.

Sannan duk alherin da ke cikin ganyen, ba ya goge sukarin da ake zubawa a butar. Ga mai ciwon suga, wannan ya fi kusa da shi fiye da maganar feshi.

Ga mai son shuka tasa

Mu ma masu shan ta ne, daga majalisar shayi a Agadas da Damagaram har teburin mai shayi a Kano, kuma mai saye a nan ma ba ya sanin me aka fesa wa ƙullin da ya saya ko da wane ruwa aka yi masa ban-ruwa. Sa'ar da aka yi ita ce wannan shuka na cikin mafi sauƙin rainawa a gida.

A samu reshe lafiyayye mai tsawon ɗan yatsa biyu, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa a ajiye a inuwa mai haske. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fitar da farar saiwa. A dasa a tukunya ko tsohon bokiti da aka huda wa gindi, cikin ƙasa mai yashi da aka gauraya da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki na ƙona saiwa. Mazubi mai faɗi ya fi mai zurfi, tunda a kwance take tafiya. Idan a ƙasa za a dasa, a keɓe mata wuri, in ba haka ba za ta mamaye duk abin da ke kusa.

Tana son danshi kullum amma ba ta son kwanciyar ruwa. A gindi ake zubawa, da safe, ba a kan ganye da dare ba, saboda jiƙaƙƙen ganye ne tsatsa ke kamawa. Da hunturu da damina tana son rana sosai. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, ranar la'asar tana ƙone ta, sai a matsar da ita inda za ta samu hantsi kawai. A riƙa tsinke kan reshe a kai a kai don ta yi rassa, kada a bari ta yi fure, domin bayan fure ganyen kan ƙanƙance. Idan ta tsufa ta yi itace, a yanke ta har kusa da ƙasa, a ƙara taki, za ta sake tohowa. Bayan shekara ɗaya ko biyu a tukunya saiwa kan cika ta shaƙe, sai a zazzage a raba a sake dasawa.

A tukunya ɗaya ko biyu ba a buƙatar feshi. Tsutsa da hannu ake cire ta, da dare a haska fitila za a gan ta. Ƙananan ƙwarin toho ruwa mai ƙarfi na wanke su. Ruwan darbejiya na korar ƙwari, amma ɗacinsa na bin ganye har cikin kofi, don haka bai dace da abin da za a sha kwanan nan ba. Idan tsatsa ta kama, a yanke duka a ƙone, kada a zuba cikin taki.

Wajen dafawa, kada a tafasa ganyen a kan wuta, ƙamshin man da ke cikinsa tururi ke kwashewa. A sauke ruwan, a zuba ganyen, a rufe minti biyar. Wanda zai busar ya shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, sannan ya adana a kwalba mai murfi.

Wani abin lura ga masu sayo ganye daga Arewacin Afirka ko masu karɓar tsaraba: akwai wata 'yar'uwar na'a-na'a mai ƙananan ganye da ke shimfiɗe a ƙasa, wadda a Maroko ake kira fliyo, masana kuma Mentha pulegium. Ana shan ta can don mura, amma tana ɗauke da sinadarin fulegon mai lahani ga hanta. Man ganyenta da aka tace ya taɓa kashe mutane, an kuma samu jarirai da suka kamu da ciwon hanta mai tsanani bayan an ba su ruwanta. Ba a ba wa jariri, mai ciki kuma ba ta sha.